Yaɓen Kek da Jar Saniyar Fulera

Masu cewa Bature ne ya koya mana sarrafa zaƙi ba su san abin da suke faɗa ba. Tun Bature bai san hanyar Kano ba uwata Asibi take dafa alewa a Tarai, ni kuwa, Ƙasimu, a gindin murhunta na yi rarrafe. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ka ɗora mazarƙwaila a wuta ka ɗaure mini ido, da kunne kaɗai zan gaya maka lokacin saukewa. Duk waɗanda muka yi aikin bariki tare sun mutu, masu takarda da marasa takarda. Ni kaɗai na rage, saboda haka yadda na faɗa haka aka yi.

Shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa ce. A yunwar nan na binne uwata da ƙannena biyu, na bar Tarai ban san inda na nufa ba, na je na faɗi a bakin wata ruga kusa da Saji. Wata tsohuwar Bafulatana mai suna Fulera ce ta ja ni inuwa. Garkensu ya ƙare saura shanu huɗu, mai nono guda ɗaya, wata ja da suke kira Woɗe. Kwana arba'in Fulera tana raba nonon Woɗe uku, kashi ɗaya na maraƙi, ɗaya na jikokinta, ɗaya nawa. Tana ce mini Kaɗo, ina ce mata Inna.

Da na miƙe na shigo Rano, na sami aiki wurin Baturen rangadi, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa. Da ɗebo ruwa da faskare na fara. Wata biyar kukunsa ya gudu, na karɓi murhu. Burodi, miyar kaza, kek da ake gasawa cikin garwar kananzir da garwashi sama da ƙasa, duk kallo ɗaya na yi musu na iya. Akwai kukun da ya yi shekara bakwai a birni bai iya fasa ƙwai da hannu ɗaya ba. Ni a kwana uku na iya.

Ana gobe sallarsu ta Kirsimeti, muna barikin Rano, Mai Lofe ya kira ni baranda da takarda a hannunsa. Yayarsa ce ta aiko masa daga ƙasarsu. Yana jin Hausa, amma irin Hausar nan mai tafiya da sanda.

"Kuku, gobe da la'asar Bature mai awon hanya zai zo shan shayi. Za ka yi kek. A kansa za ka sa karamal."

"Mene ne shi, ranka ya daɗe?"

Ya karanta yana fassara mini. A ƙona sukari har ya yi ja, a sa man shanu, a zuba sabuwar madara, a tafasa, a sauke, a buga har ya yi kauri, sannan a shafe kek da shi sama da gefe.

Na ce, "Ashe yaɓe ne. Alewa ce da ba a bari ta ƙarasa ba, a yaɓa wa kek yadda ake yaɓe ɗaki."

"Ba alewa ba. Karamal."

"To, ranka ya daɗe."

Gwangwanin madara ɗaya ya rage mana a akwati, shi ma ya kumbura kamar cikin jaki. Da na huda shi, wari ya kori kowa daga kicin. Mai Lofe ya leƙo ya toshe hanci, ya kira masinjansa Dalhatu ya ce gobe da safe a samo madarar saniya. Dalhatu ɗan birni ne, mai jar dara da takalmin fata, mutumin da in Bature ya nemi ƙwai ɗaya shi kaji goma zai kamo. Ban kawo komai a raina ba, na ci gaba da tankaɗe fulawa.

Da safe na gasa kek ɗina, ya tashi sumul, na kife shi a faranti ya huce. Hantsi ya ɗaga sai na ji kukan saniya a bayan bariki. Kukan na sani. Na zagaya, ga Woɗe ɗaure a gindin tsamiya, ga dogarin da aka ba Bature don rakiya yana riƙe da sanda, ga Dalhatu yana goge takalmi da ganye. Ga kuma Fulera tsaye da ƙwarya a ka, ta biyo su tun daga Saji ba ko takalmi.

"Inna, lafiya?"

"Kaɗo, ashe nan kake. Wannan mai jar hular ya zo wai in sayar masa da madara a ɗora a wuta. Na ce ga kindirmo, ga man shanu, ya ɗauka ko kyauta. Ya ƙi. Ya kwance saniya."

Bari in gaya wa wanda bai zauna a ruga ba. Su mutanen Fulera suna sayar da nono mai tsami, suna sayar da man shanu, ka kai gida ka soya ka dafa ba ruwansu, don a wurinsu waɗannan sun riga sun rabu da saniya. Amma madarar da aka tatsa yanzu, da ɗuminta, cewa suke har yanzu a haɗe take da hantsa. Ka ɗora ta a wuta, hantsar ka ɗora. Nono zai ƙafe, ba zai dawo ba. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne, ban sani ba har yau, ban kuma nemi sani ba. Abin da na sani shi ne a rugar nan ba wata mai nono sai Woɗe, kuma yara biyar ne suke jiranta.

Dalhatu ya ce, "Camfin daji. Ni zan tatsa."

Ya naɗe hannun riga ya tsuguna da kwano. Sai a lokacin na lura bai kawo maraƙin ba. Saniyar Fulani ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, wannan ko ɗan yaye ya sani a Saji. Dalhatu ya ja, ya matsa, ya murɗa, ko ɗigo. Woɗe ta yi haƙuri iyakar haƙurinta, sannan ta ɗaga ƙafar baya ta aika kwanon gindin katanga, ta aika jar dara wani gefen. Dogari ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Na ce, "Malam Dalhatu, a birni haka ake tatsa? Da ka fara gaishe ta."

Ya tashi yana kaɗe riga, idonsa ya yi ja. "Ke tsohuwa, aika a kawo maraƙin ki tatsa da hannunki."

"Ba zan tatsa wa wuta ba."

"To in ba ta ba da nono ba za ta ba da nama. 'Yan alaro talatin ne ke ɗaukar wa Bature kaya, yau sallarsa, dama nama ake nema musu. A biya ki, ki tafi."

Fulera ta sauke ƙwaryarta ta zauna a ƙasa kusa da saniyar. Ba ta yi kuka ba. Ni ta kalla ta ce, "Kaɗo, in an dafa ta ƙafe, in an yanka ta mutu. Wanne zan zaɓa wa yaran?"

Na tafi baranda kai tsaye, ko hannu ban wanke ba. Mai Lofe yana rubutu. Na gaya masa komai tun daga farko, har kwana arba'in ɗin nan. Ya saurara, ba zan yi masa ƙarya ba, amma da na gama sai ya cire lofe ya ce a ƙasarsu kullum ana dafa madara kuma shanunsu sun fi namu nono. Ya ce in ya bi kowane camfi ba zai yi aiki a ƙasar nan ba. A kawo maraƙi, a tatsa, a dafa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannun nan ba zai ɗora nonon saniyar nan a wuta ba."

"Kai kuku ne nawa ko nata?"

"Naka ne. Yaɓen kuma zan yi maka shi, ba da nononta ba."

"Takarda ta ce madara."

"Takardar ta taɓa tsayawa gaban murhu?"

Ya ajiye alƙalami. Dalhatu ya iso yana ɗingishi ya tsaya a bayana. Can Mai Lofe ya ce, "To. Yi yadda ka ga dama. Da la'asar zan ɗanɗana. In ya zama karamal, saniya ta koma gida. In bai zama ba, Dalhatu ya saye ta don 'yan alaro, kai kuma ka nemi wani aiki."

Ku riƙe wannan da kyau: shi ya yi maganarsa. Ni ban ce to ba. Na durƙusa, na tashi, na fita.

Dabara tana kaina tun ina baranda. Aya. Uwata takan jiƙa aya ta niƙa ta tace, ruwan ya fito fari fat, ta zuba a alewar masu jego. Na shiga kasuwa da sauri na sayo kwano guda ta bana, na zuba mata ruwan zafi ta jiƙu. Na haɗo da curin mazarƙwaila biyu, ba don komai ba, don ni ba na shiga aikin zaƙi ba ta kusa da ni. Na kira Fulera ƙofar kicin na ce ta wanke mini man shanunta da ruwan randa har tsamin ya fita. Ta zauna tana murza shi tana zubar da ruwa tana sakewa. Daga inda take ba a hango tsamiya, katangar bariki ta tsare.

Kafin ayar ta jiƙu na ce bari in gwada ƙona sukarin in ga halinsa. Nan ne na yi kuskuren da ban taɓa yi ba kafin ranar, ban kuma sake ba bayanta. Wasu sun ce da gangan na yi. Da zan so in karɓi yabon, amma a'a. Mazarƙwaila tana da haƙuri. Tana narkewa tana kumfa tana magana, sai ta gaya maka na kusa, na kusa, ga ni. Ni da ita na saba. Farin sukarin Bature kuwa munafuki ne, shiru yake yi. Na zuba rabin gwangwani a tukunyar ƙarfe, na hura wuta irin ta alewa, na juya in ɗauko muciya ina jiran ya yi mini magana. Da na waiwayo ya wuce ja, ya wuce baƙi, hayaƙi ya turnuƙe ya fita ta rufin ciyawa kamar an cinna wa kicin ɗin wuta.

Dogari ya sheƙo da gudu yana neman tulu. Dalhatu ya biyo shi, da ya ga tukunyar sai ya tsaya ya riƙe ciki yana dariya.

"Ɗan mai alewa kenan. Sarkin zaƙi na Tarai. Wannan za a yaɓa wa Bature, ko tawada ce ka dafa wa malamai?"

Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma cikin hayaƙin nan na ƙirga kawuna. Dalhatu yana nan. Dogari yana nan. To wa ke gindin tsamiya? Na sunkuya kamar zan karɓi man shanun, na ce wa Fulera da ɗan Fillancin da na tsinta a rugarsu, ta tashi ta kwance saniyarta. Kar ta koma Saji. Ta aika a gaya wa 'ya'yanta su ɗauko maraƙi da yara, ita ta bi bayan duwatsu ta nufi Fassi. Ta miƙo mini man, ta ɗauki ƙwaryarta, ta fita a hankali kamar mai zuwa zubar da ruwa.

Saura in riƙe mazan nan biyu har la'asar. Na miƙe na ɗaure fuska.

"Kun gani ko? Hannu biyu gare ni, aikin na hannu shida ne. Rabin sukarin Bature ya tafi. In sauran ya ƙone zan je in ce masa masinjansa yana tsaye yana dariya, dogarinsa yana gadin inuwa."

Dalhatu ya ce, "Ni ba boyi ba ne."

"Kai ka kawo saniya ba maraƙi. In faɗa masa wannan ma?"

Dariyar ta tsaya. Na kama dogari na sa shi gaban turmi ya daka aya, na ce ƙanzon tukunya nasa ne in an gama. Da ya gama daka na nuna masa dutsen niƙa. Ƙato mai gemu, ya duƙa yana niƙa yana waige kar wata mace ta wuce ta gan shi. Dalhatu na ba shi tukunyar da ta ƙone da yashi ya kankare. Da azahar ta yi muka yi salla nan ƙofar kicin ɗaya bayan ɗaya, don na ce ba a barin niƙa ya sha iska. Ƙarya ce, amma su ina suka sani.

Da dogari ya sallame sai ya ce, "Bari in leƙa saniyar nan."

"Saniyar da ka ɗaure da hannunka ina za ta? Ko ɗaurin naka ne ba ka yarda da shi ba? Riƙe mini bakin ƙyallen nan."

Muka tace ayar da farin ƙyalle sau biyu. Na ajiye ruwan ya kwanta, garin ya sauka ƙasa, na tsiyaye na saman, don in garin ya shiga tukunya kunu za ka samu. Na ɗumama shi kaɗan a gefen murhu. Mai zuba ruwan sanyi cikin narkakken sukari dutse yake nema.

Sannan na koma wa munafukin. Wannan karon na janye itace na bar garwashi zalla. Na zuba sauran sukarin, ban ɗauke ido ba, ban kuma sa muciya ba, tukunyar kawai nake karkatawa. Gefe ya fara narkewa, ya yi ruwan zuma, ya yi ruwan goro. Da ya kai launin Woɗe daidai na jefa man shanu. Ya yi tsuwa ya taso. Na farfasa mazarƙwaila na zuba don ta cike gurbin wanda ya ƙone, na bi da ruwan aya kaɗan-kaɗan ina juyawa, na ƙara gishiri ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. Gishirin nan ba ya cikin takarda. Na uwata ne.

Yanzu tukunya ta fara magana da harshen da na sani. Da fari tafasar ƙanana ce mai sauri, kamar yayyafi a kan ganye. Sannu a hankali ta yi nauyi, ƙwayoyin suka girma suna fashewa ɗaya-ɗaya. Na ɗiga kaɗan cikin ƙoƙon ruwan sanyi, ya watse. Na jira. Na sake ɗigawa, na sa yatsa na tattaro shi, ya dunƙule da laushi kamar kakin zuma. Da alewa ce da saura, amma yaɓe nan ne wurinsa. Na sauke, na dasa tukunyar cikin kwatarniyar ruwa har gindinta ya zama hannu zai iya taɓawa.

"Malam Dalhatu, bismilla. Ga muciya."

"Me zan yi da ita?"

"Bugu. Ba tsayawa, ba sauya hannu. In ka tsaya ya sandare, kuma a hannunka ya sandare."

Wannan kam gaskiya ce, ko da rabi. Dalhatu ya zauna a turmi ya rungume tukunya da gwiwoyi yana bugu. Gumi ya jiƙa dara, yaɓe ya fantsama masa a gaban riga.

"Bai yi ba?"

"Yana sheƙi?"

"Yana yi."

"To bai yi ba. Sai sheƙin ya mutu."

"Hannuna zai cire, Ƙasimu."

"Ɗazu saniya, yanzu muciya. Yau ba ranarka ba ce, Malam."

Da sheƙin ya dushe, muciya ta fara barin hanya a bayanta, na fizge tukunyar na juye a kan kek. Na tsoma wuƙa a ruwan zafi na bi shi sama, na bi gefe, na zagaya, na share har ba inda fatar kek ta leƙo. Ban taɓa ganin magini ya yi yaɓe mai kyan wannan ba, kuma na ga gidajen attajiran Kano. Dogari ya samu tukunyarsa ya koma lungu da ita. Dalhatu ya ruga sauya riga don baƙo ya riga ya sauka daga doki. Ba wanda ya tuna da tsamiya. Ni kuwa na duba rana na ce a raina, yanzu Inna ta wuce duwatsu.

Na kai kek baranda da kaina. Baturen awon hanya wani jibgege ne mai jan wuya. Ya yanka ya ci, ya sake yanka. Mai Lofe ya ajiye lofe, ya ɗebi yaɓen kaɗai a bakin cokali, ya sa a baki ya lumshe ido. Ya daɗe. Ina jin yana neman gidansu ne a ciki, bai kuwa same shi ba.

"Da daɗi," ya ce. "Amma ba shi ba ne."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ya fi shi."

Jibgegen ya tambayi me na ce, aka fassara masa, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, ya miƙa hannu ya yanki na uku. Mai Lofe bai yi dariya ba. Mutum ne mai son maganarsa ta tsaya inda ya ajiye ta. Ya kira Dalhatu ya ce a yi yadda aka ce da saniyar.

Dalhatu ya zagaya baya. Muka ji shi yana kiran dogari. Ya dawo da igiya a hannu, ba saniya.

Ban bari ya fara magana ba. Na ce, "Ni na sallame ta, tun kafin azahar. Dogari ba shi da laifi, aya yake niƙa maka. Dalhatu ma yaɓenka yake bugu."

Mai Lofe ya tashi tsaye. "Mun yi magana da kai. Ka yarda."

"Kai ka yi magana, ranka ya daɗe. Tambayi Dalhatu in ya ji na ce to."

"Ina ta tafi?"

"Ba ni da bakin da zan faɗa."

"Za a yi maka bulala."

"Bayan nawa ne, a yi. Yunwa ta yi mini wadda ta fi taka ban mutu ba."

Ya tura Dalhatu Saji a kan doki nan take. Abin da ya tarar, kamar yadda na ji daga baya, turaku ne da kashin shanu da bukkoki ba kowa. Ni kuma washegari da hantsi aka kwantar da ni gaban bariki, 'yan alaro talatin suna kallo, waɗanda na hana nama. Sha biyu aka ce. Dogarin nan aka ba bulalar. Ya sunkuyo kamar yana gyara mini kwanciya ya ce, "Ka yi ihu da ƙarfi, ni zan sassauta."

Na ce, "Kai dai yi aikinka. Ihu kam ba za a ji ba."

Bai sassauta sosai ba, don Bature yana baranda yana ƙirgawa. Ihun kuwa ba a ji ba. Na tashi da ƙafata, na shiga kicin na ɗauki wuƙata da bargona, na fito ta gaban baranda, ba ta baya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, sauran kek ɗin a rufe shi da kwano, tururuwa." Na kama hanya.

Ban nufi Fassi kai tsaye ba, kar a biyo sawuna. Na yi kamar zan koma Tarai, na kwana biyu a Kibiya wurin wani mai sayar da gishiri, riga tana manne mini a baya. Rana ta uku na zagaya. Na same su a wani kwari bayan gari, sun kafa bukkoki biyu. Woɗe tana tsaye, maraƙi yana dukan hantsarta da kai, Fulera tana tsugune a ɗaya gefen da ƙwarya tsakanin gwiwoyi, yara sun kewaye ta. Ba ta tashi ba sai da ta gama.

"Kaɗo, me ya sa kake tafiya kamar an ɗaura maka itace? Juyo in gani."

Ta jiƙa rigar da ruwan ɗumi ta ɓamɓare ta a hankali. Ta ƙirga sawun bulala da yatsa. Ta aika aka ɗauko man shanu ta fara shafa mini.

"Abin da ka dafa musu, ya yi daɗi kuwa?"

"Bature ya ce ba shi ba ne."

"Kai da ka ɗanɗana fa?"

"Ni ba na ɗanɗana abin da na dafa, Inna. Na riga na sani."

"Sunkuya, ka cika baki. Akwai guda a ƙasan kafaɗa da ta shiga sosai."

Na yi wata biyu a kwarin nan har bayana ya rufe. Ba wanda ya zo neman saniya. Woɗe ta ƙara haihuwa huɗu bayan wannan, uku mata, kuma tsufa ne ya kashe ta, a kwance, tana tuƙa.